Kututture a Lambu: Wanda Za a Tumɓuke da Wanda Za a Bari

Jawabin da ma'aikacin raya karkara na sashen taimakon ikilisiya ya gabatar a taron manoma na bayan girbi

 

Maganar da aka ba mu yau ita ce ta kututture. Wani zai ce ƙaramar magana ce, amma ba a zaɓe ta haka kawai ba. A zagayen da muka yi bana, kusan kowane ƙauye da ke shirin lambun rani an yi mana tambaya iri ɗaya: filin da aka ba mu cike yake da kututtura, yaya za mu yi da su? Wasu sun karya bakin garma a kansu. Wasu sun sare darbejiya sau uku tana sake fitowa. A wani ƙauye matan zumunta sun rasa rabin lokacin dashen tumatir suna jiran mazan da za su zo su tone musu kututture shida. Wanda ya makara a dashe kuwa ya san abin da zai tarar a kasuwa: lokacin da nasa ya nuna, kwando ya riga ya faɗi.

Za mu faɗi yadda ake cire kututture. Amma kafin mu ɗauki gatari, akwai labarin da ya kamata mu ji, domin zai iya sa mu bar rabin kututturan da muka yi niyyar tonewa.

A farkon shekarun 1980 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana aiki da mishan na SIM a Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar. Aikinsa shi ne renon itatuwa da raba wa ƙauyuka su dasa. Ana dasawa, rana da iska da awaki suna kashewa, kaɗan ne ƙwarai suke kai shekara. A 1983, yana kan hanya da mota cike da dashe, sai ya tsaya ya rage iskar taya saboda yashi. Nan ya lura da wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin wanda manomi yake sarewa kowace shekara lokacin sassabe. Da ya duba ganyen sai ya ga ai ba ciyawa ba ce, itace ne da aka sare tun da daɗewa, kututturen yana da rai, saiwarsa tana can ƙasa tana shan ruwa, kowace shekara yana toho ana sarewa. Irinsu kuma ba iyaka a gonakin. Watau dajin da ake cewa ya ƙare yana nan a ƙarƙashin ƙasa.

Daga nan ya fara roƙon manoma su bar 'yan rassa a kan kowane kututture su girma. Da farko dariya aka yi wa waɗanda suka yarda, domin a wancan lokaci manomin kirki shi ne mai gona fes, ba ko tsinke. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa wannan aiki da rabon abinci, aka bar itatuwa wajen dubu 500 a ƙauyuka kusan 100. Da rabon abinci ya ƙare, mutane suka sare kamar kashi biyu cikin uku. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga geronsu bai ragu ba, iska ta daina binne shuka da yashi, ga itacen girki a kusa, ga abincin dabbobi. Sai maƙwabta suka fara kwaikwayo ba tare da an ba su ko mudu ɗaya ba. Bayan shekara ashirin da ɗoriya, da masu bincike suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama, sun ƙiyasta cewa an dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Manoman can suna kiran abin sassaben zamani. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, wani manomi na Burkina Faso.

Abin da muke so mu riƙe daga labarin shi ne wannan: kututture mai rai yana da saiwar da ta yi shekaru tana nutsawa ƙasa. Ɗan dashen da muka sayo a leda sai ya yi shekaru kafin ya kai inda wannan saiwar ta riga ta kai, in ma akuya ta bar shi. Wanda ya tone kututturen gawo ya je ya sayo dashe, ya zubar da tuwo ne ya koma neman tsaba.

Saboda haka aikin farko ba na gatari ba ne, na ido ne. Mu zaga filin tare da wani dattijo ko tsohuwa da ta san itatuwa, mu kira kowane kututture da sunansa. In gawo ne, a bar shi ko a tsakiyar gona yake. Gawo yana zubar da ganye da damina, lokacin da amfanin gona yake bukatar rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabbobi suke neman inuwa, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin tumaki da shanu ne. Duk wanda ya taɓa ganin dawa a gindin gawo ba ya bukatar a yi masa bayani. Ɗorawa da kaɗanya, iyaye mata sun fi mu sanin kuɗin da ke cikin daddawa da man kaɗe. Kalgo da sabara da magarya da aduwa da marke da kirya, duk suna toho daga kututture in an ba su dama, kuma kowanne da amfaninsa: igiya, magani, 'ya'ya, ƙotar fartanya, turmi.

Yadda ake renon su ba wuya. A zaɓi rassa mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, a sare sauran. Waɗanda aka bari a rage musu ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsawonsu, kada a wuce haka, domin reshen da aka yi wa ƙwal iska tana karya shi. A yi sara da adda mai kaifi daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage. A ɗaura wani jan tsumma a jiki domin yaro mai kiwo ko mai neman itace ya san wannan da mai shi. Bayan 'yan watanni a dawo a sake gyarawa. A Maraɗi an fara ne da itace 40 a hekta, watau kamar 16 a eka, daga baya manoma da yawa suka ƙara da kansu.

To, amma lambu ba gonar hatsi ba ce. A lambu fili kaɗan ne, ruwa da wahala ake ɗebo shi ko da kuɗin mai, kuma albasa da tumatir da latas ba su son inuwa. Akwai kututturen da dole ya fita. Darbejiya tana cikinsu in tana tsakiyar kwamin shuka. Itace ne mai albarka a ƙofar gida da bakin hanya, daga Indiya asalinsa, amma saiwarsa tana bazuwa nesa, kuma tana toho daga kututture har ma daga saiwar da aka raunata. Bishiyar turare ma haka, tana shan ruwa sosai, kuma sarewa ba ta kashe ta. Malaina ita ma tana sake fitowa. Sai mataccen kututturen da ke tare hanyar garma ko hanyar ruwa, da kuma na itacen da ciwo ya kashe. Wannan na ƙarshe muna so a kula da shi. In mangwaro ko lemo ya bushe a tsaye, ka tona ka ga saiwar ta ruɓe, akwai farin abu kamar auduga a ƙarƙashin ɓawon, ko wani naman kaza mai tauri ya fito a gindin, to ciwon yana nan cikin kututturen, kuma zai iya bin saiwa ya kama na kusa da shi. Irin wannan a fitar da shi da saiwarsa iyakar iyawa, a ƙone shi a waje, kada kuma a dasa wani itacen 'ya'ya a ramin nan da nan.

Kafin a taɓa kowane itace, a yi tambaya. In filin aro ne ko na haya, itacen da ke ciki ba na mai aro ba ne, musamman ɗorawa da kaɗanya. In a kan iyaka yake, a kira maƙwabci, domin sau da yawa kututturen nan shi ne shaidar iyakar da kakanni suka bari, kuma mun sha ganin 'yan'uwa biyu masu zama a benci ɗaya ran Lahadi sun daina gaisawa saboda irin wannan. A sanar da mai unguwa. In itace ne mai rai babba, a nemi malamin daji, domin akwai itatuwan da doka ta hana sarewa ba da izini ba.

Yanzu ga aikin kansa.

Kuskuren da ake yawan yi tun ranar sara ake yin sa. Mai gatari yakan sare itace ƙasa-ƙasa don ya sami itace mai yawa. In kun san za ku tumɓuke kututturen, ku bar masa tsawo, kamar zuwa ƙirjin mutum. Wannan tsawon shi ne abin kamawa. Da shi za a riƙa jijjiga kututturen, da shi za a ɗaura igiya. Guntun da aka sare daidai da ƙasa ba shi da inda za a kama, sai tono kawai.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina ko farkon kaka, ƙasa tana da sauran laima. Wanda ya bari sai Maris zai sha wuya, diga tana tashi kamar an buga dutse. In dole ne a yi da rani, a tona ɗan rami kewaye, a zuba ruwa da yamma, a dawo da safe.

A fara tono nesa da gindin, kamar taku ɗaya ko biyu gwargwadon girman itacen, a zagaye shi da rami. Mutane suna son su manne wa gindin don su rage aiki, alhali a nan saiwa ta fi kauri, kuma ba wurin juya gatari. Da an tarar da saiwa, a share ƙasar jikinta da hannu ko da ɗan ruwa kafin a sara, domin yashi da tsakuwa su ne ke cinye kaifin gatari. Kowace saiwa a sare ta wuri biyu, a cire guntun tsakiya, don a sami sarari a ci gaba da tono. Idan an gama da na gefe, mutum biyu su kama saman su jijjiga. Inda ya ƙi motsi, a nan sauran saiwa take. Yawancin itatuwan dajinmu suna da uwar saiwa da ta miƙe ƙasa tsaye. Sai a tona gefe ɗaya ya yi zurfi, a karkata kututturen, a sare ta daga nan. Ba sai an bi ta har ƙarshe ba. In an sare ta kamar ƙafa biyu a ƙasa, ta wuce inda garma da saiwar kayan lambu suke kaiwa.

Domin ɗaga shi daga rami, a sami doguwar sanda mai ƙarfi ko ƙarfen rodi mai kauri, a sa gungume ko dutse a bakin ramin, a zura bakin sandar ƙarƙashin kututturen, a danna ɗaya bakin. Gwargwadon tsawon sandar, gwargwadon sauƙin aikin. Duk lokacin da ya ɗagu kaɗan, a tura ƙasa ko duwatsu ƙarƙashinsa, a sake ɗagawa. A haka kututturen da maza huɗu suka kasa ɗauka zai hau sama da kansa, a mirgina shi waje.

Masu shanun noma suna iya ja da su, amma sai bayan an sare saiwoyin. Shanu ba za su tsinka saiwar darbejiya ba, sai dai su ji ciwo a wuya. A yi amfani da sarƙa ko igiya mai kauri wadda ba ta tsufa ba, a ɗaura a sama, tsawonta ya fi tsawon kututturen nesa, kuma kowa ya kauce daga layin igiyar. Igiyar da ta tsinke cikin ja tana dawowa kamar bulala, tana iya cire ido. Yara su tsaya can nesa. Haka nan kafin a sa hannu cikin kogon tsohon kututture a zungure shi da sanda, domin gidan maciji ne da kunama. Mai sara ya sa takalmi rufaffe, kuma kada mutum biyu su yi sara a rami ɗaya.

Sai maganar wuta, wadda mun san ita ce hanyar da aka fi so domin ba ta cin ƙarfi. Ra'ayinmu a kanta shi ne a bar ta sai in ba wata hanya. Ɗanyen kututture ba ya ci, sai dai ya yi baƙi a sama, kuma wanda ya babbake ya fi daɗewa bai ruɓe ba. Busasshe kuwa yana iya ci a ƙarƙashin ƙasa kwana da kwanaki, yana bin saiwa, ba hayaƙin kirki, mutum ya ɗauka ta mutu. Da iskar hunturu ta taso sai ta fito a wani wuri, kusa da dangar kara ko tarin harawa ko rumbu. Yaro kuma yana iya taka tokar da ke sama ƙafarsa ta burma cikin garwashi. In lallai za a ƙona, a share ciyawa kewaye, a zaɓi ranar da ba iska, a ajiye ruwa kusa, wani babba ya tsaya, a ƙarshe a tona a jiƙa har sai hannu ya taɓa ya ji sanyi. Kada a zuba fetur. Kada a ɗora tsohuwar taya, domin hayaƙinta guba ne kuma abin da ta bari yana zama a ƙasar da za mu shuka abin da za mu ci.

A kan wannan layi, akwai dabaru biyu da ake ba juna a kasuwa waɗanda muke roƙo a daina: zuba gishiri da zuba baƙin mai. Gishiri yana iya kashe kututture, amma yana kashe ƙasar tare da shi, kuma ruwan ban-ruwa zai kai shi cikin sauran kwamin. Baƙin mai kuwa yana nutsewa, kuma lambunanmu da yawa a bakin rijiya ko fadama suke, inda ruwa yake kusa.

Ga wanda ba shi da ƙarfin tono, kamar gwauruwa ko tsoho, ko wanda kututturensa ya yi girman da ba a iya ɗagawa, akwai hanyar haƙuri. A nan sai a yi akasin abin da muka faɗa da farko: a sare shi ƙasa-ƙasa. A tsattsaga samansa da gatari, ko a sa kafinta ya huda ramuka masu zurfi. A cika su da ɗanyen taki na kaji ko na shanu, ko ɗan takin zamani na yuriya in akwai, a rufe da ƙasa da ciyawa, a riƙa zuba ruwa duk lokacin da ake ban-ruwa. Laima da taki suna kiran ruɓa, gara kuma ta ƙarasa. Itace mai laushi yana iya ruguzawa cikin shekara ɗaya ko biyu. Mai tauri irin kirya zai daɗe ƙwarai, kada a sa rai da wuri. Kafin nan ba a yi asarar wurin ba, ana iya shuka kabewa ko soso a gefe su hau kansa. Sai dai kada a yi wannan dabara kusa da ɗaki mai azara ko rumbu, domin garar da aka gayyata ba ta san iyaka ba.

In kututturen mai toho ne, sirrin kashe shi shi ne hana shi ganye. Saiwa tana rayuwa ne da abincin da ganye yake dafa mata da hasken rana. Duk tohon da ya fito a fizge shi tun yana ɗan ƙarami, kowane mako, kada a bari ya buɗe. Wanda ya sare sau ɗaya a shekara yana yi wa itacen aski ne kawai, shi ya sa darbejiyar nan take dawowa. Aiki ne da za a iya ba yaro ɗan makaranta. Rufe kan da baƙar leda mai kauri ko tsohon kwano, a danne da dutse, yana taimakawa. In kuma itacen yana tsaye tukuna kuma ba gaggawa, ana iya ɓare ɓawonsa kewaye, faɗin tafin hannu, kamar shekara guda kafin a sare. Abinci ba zai ƙara sauka ga saiwa ba, za ta cinye ajiyarta, tohon da zai biyo bayan sara zai zo da rauni.

Wasu za su tambaya game da maganin kashe ciyawa, irin glyphosate da ake sayarwa a kasuwa. Yana aiki in an shafa shi a gefen sabon sara, wurin da ɓawo ya haɗu da itace, cikin 'yan mintoci bayan sarewa. In sara ya bushe, an yi asarar kuɗi. Shafawa ake yi da burushi, ba feshi ba, da safar hannu, bisa ga abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Kada a yi kusa da rijiya, kada kuma a yi in akwai itace irinsa a kusa da ake so, domin saiwoyinsu suna iya haɗewa a ƙasa. Kwalbar da ta ƙare kada ta koma gida ta zama ta man gyaɗa ko ta ruwan sha.

Bayan kututture ya fita, saura rami. A tsince guntayen itace, kada a binne su da yawa, domin yayin da suke ruɓewa suna janye ƙarfin takin da shuka take bukata, sai ka ga ganye ya yi rawaya a daidai wurin. A mayar da jar ƙasar ƙasa a ƙasa, baƙar ta sama a sama, a gauraya da ruɓaɓɓen taki, a tattake, a tara ta ta ɗan fi kewaye tudu domin za ta zauna bayan ruwa. Kada a kwana da rami a buɗe inda dabbobi da yara suke bi. Shi kuma kututturen ba abin yarwa ba ne: itacen girki ne mai daɗewa a murhu, babba kuma ya zama kujera ko abin sara nama.

Wuri ɗaya ne za mu ce kada a tone ko da wane irin itace ne: bakin rafi, bakin kwazazzabo, da gangare. Saiwar nan, ko matacciya ce, ita ke riƙe da ƙasar. A sare shi daidai da ƙasa in yana tare hanya, a bar sauran. Haka kuma wanda ya shiga ƙarƙashin katanga ko ya manne wa bakin rijiya, a bar shi ya ruɓe a hankali.

Game da filin da aka ba zumuntar mata, mun zaga shi jiya tare da dattawa biyu. Mun ƙirga kututture 14. Biyar mun ɗaura musu jan tsumma, gawo biyu, kalgo biyu da magarya ɗaya, duk a gefen danga suke, za a rene su. Biyu suna bakin rafi, ba za a taɓa su ba. Sauran bakwai za su fita, kuma shugaban matasa ya yarda a yi gayya ranar Asabar mai zuwa tun ƙasa ba ta bushe ba. Mai diga ya zo da diga, mai gatari ya wasa shi tun daga gida, muna kuma bukatar sarƙa ɗaya da dogayen sanduna biyu. Iyaye mata sun ce kunu da ɗan wake suna wuyansu. Wanda yake da kututture a lambunsa kuma bai tabbata ko na cirewa ne ko na bari ba, ya ba sakataren ikilisiyarsa sunansa kafin a tashi, za mu bi gida-gida cikin makonni biyu masu zuwa.  Yanzu sai tambayoyi.